Zagaye Na Biyu

"Ɗari huɗu?!" Dogo ya ajiye sukudireban hannunsa a kan firijin da yake gyarawa, ya juyo yana kallona. "Auta, mutum ɗari huɗu fa kika ce. Da me za mu ciyar da su? Da murmushinki?"

"Ni na buga katin? Gwaggo ce ta buga!"

"A kan bencin nan muka zauna ni da ke, muka ce ɗari da hamsin..."

"To ka je ka faɗa mata mana! Ga hanya nan."

Shi ma ya san ba a faɗa wa Gwaggo magana. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara tara da Ummata ta rasu. Ita ta sa ni makaranta, ita ta yi jinyata da na yi ƙyanda, kuma ba ta taɓa bari na manta da ko ɗaya ba. Abbana kansa in tana magana sunkuyar da kai yake yi kamar ɗan aji ɗaya.

Saura sati uku bikinmu, kuma abin da muka tara na abinci ko an matse shi ba zai wuce wa mutum ɗari da hamsin ba.

Dogo ya goge hannu da tsumma ya zo ya tsuguna a gabana.

"Rabin raina, saurare ni. Inna ta ce ita da abokan aikinta za su dafa mana. Shinkafa da miya, kowa yankan nama ɗaya, babba da yaro duk ɗaya. Ta ce in aka bar mata awo, ɗari huɗun ma za su ci su sha ruwa su gode wa Allah."

Inna mahaifiyarsa ce. Shekara goma sha tara tana wanke-wanke a ɗakunan taron biki, da wannan ta raine shi bayan rasuwar babansa. Hannayenta duk sun yi fari sun tsage saboda sabulu. Dogo kuwa, ka zage shi ka zagi shagonsa dariya zai yi, amma ranar da ka taɓa Inna ranar za ka san akwai wani mutum a cikin rigar nan.

"Zan faɗa wa Gwaggo," na ce.

Na kuwa faɗa mata da yamma, tana zaune tana shafa mai a ƙafa. Ta ɗago ta kalle ni sama da ƙasa, ta yatsina fuska.

"Mai wankin kwano? Ita ce za ta dafa abincin bikin 'yar da na raina? Da waɗannan hannuwan nata kamar bayan kada? Allah ya kiyaye! Ke Auta, in ke ba ki da zuciya ni ina da ita. Manyan mutane na gayyata."

Na so in ce wani abu, wallahi na so. Amma na haɗiye, na tashi na kawo mata ruwa. Washegari na ce wa Dogo wai Gwaggo ta gode, ta ce uwar ango ba ta shiga kicin, hutawa za ta yi. Har daɗi ya ji, bawan Allah. Ni kuwa duk ranar bakina ɗaci yake yi.

Gwaggo ta nemo wata mai abincin biki da kowa ke kira Madam. Mace ce mai faratan roba da turare mai hawa kai. Ta ji abin da ke hannunmu, ta ji yawan baƙin, ko gezau ba ta yi ba.

"Wannan ai ba komai ba ne," ta ce tana taunar cingam. "Zagaye biyu za mu yi. Teburan gaba su fara, na baya su biyo. Ku bar min kawai."

"Kuma zai isa?" na tambaya.

Suka haɗa ido da Gwaggo.

"Har ya yi saura, amarya."

Ashe kati iri biyu aka buga. Mai ruwan zinare a baki na teburan gaba, na mutanen Gwaggo. Fari zalla na teburan baya, shi aka ba dangin Dogo da abokan sana'arsa da maƙwabta. Na ga wannan ma, na kau da kai.

Ranar da na je gaida Inna, tana tsince shinkafa a tire, ta tambaye ni ba tare da ta ɗago ba.

"'Yata, mai abincin nan taku, zagaye nawa ta ce za ta yi?"

"Biyu, Inna."

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar.

"To," ta ce. "Allah ya sa a yi taro lafiya."

Ni dai a zatona gajiya ce.

Ranar biki ɗakin taron ya cika tun ƙarfe uku. Ina zaune a sama kusa da Dogo cikin farar riga mai nauyi, hoda tana narkewa a wuyana. Daga inda nake ina ganin komai. Teburan gaba an cika su da shinkafa da kaza zuƙu-zuƙu, amma ci suke kamar an yi musu dole. Wannan ta gutsuri cinya ta ajiye, waccan ta juya cokali sau biyu ta ture farantin tana danna waya. Wani mai ƙaton ciki ya yi sakace ya tofa a gefen farantinsa. Ma'aikatan Madam kuwa sai shawagi suke, da ka ɗauke hannu sun fizge farantin sun yi ciki da shi.

Can baya mutanen Dogo na zaune fiye da awa ɗaya, ba komai a gabansu sai ruwa.

"Har yanzu ba a kai wa su Inna ba," Dogo ya raɗa mini.

"Yanzu za a kai, masoyi. Zagayensu ne na gaba."

Zif ɗin rigata ne ya tona asiri. Na motsa kenan na ji ya ɓalle a baya. Na yafito ƙawata, wadda muke kira Tsiwa saboda bakinta, ta rufa mini mayafi muka fita ta ƙofar gefe neman inda za a sa mini fil. Muka bi wani siririn lungu, Tsiwa ta tura ƙofar farko da ta gani.

Warin ne ya fara dukana. Warin maiƙo da ya huce aka sake ɗumama shi.

Wani ƙaton baho ne a tsakiyar ɗakin, mata uku sun kewaye shi. Ɗaya tana karɓar farantan da aka kwaso daga teburan gaba tana kankare su a ciki da gefen hannunta. Ta biyu ta zura hannu har gwiwa tana tsince tishu da tsinken sakace da ƙashin da aka tsotse tana jefarwa a ƙasa. Ta ukun ita ce gwana. Sai ta ɗebi shinkafar nan ta zuba a sabon faranti, ta ɗauko kazar da wani ya gutsura ta juya wajen cizon ƙasa, ta kwarara miya mai zafi a kai, ta goge bakin farantin da wani baƙin tsumma da ke rataye a kafaɗarta. Gumi na ɗiga daga haɓarta. A kan idona wata cinya ta faɗi ƙasa, ta ɗauka ta hure ta mayar.

Na dafe bango, yawu ya cika mini baki.

"Innalillahi! Ƙazamai!" Tsiwa ta ƙwala ihu. "Wa za ku ba wannan?!"

Madam ta fito daga bayan tukwane tana gyara faratanta.

"Haba amarya, me ya kawo ki nan? Wannan ai shi ne zagaye na biyu. Ko'ina haka ake yi. Da kuɗin naku kina zaton kaza daga sama za ta faɗo?"

"Ragowar bakin mutane?" "Yawun mutane za ki ba dangin mijina?"

"An ɗumama fa. Wuta tana kashe komai."

Tir! Har yau in na tuna yadda ta faɗi maganar nan hankali kwance, sai tsigar jikina ta tashi.

A nan idona ya sauka a kan wasu manyan kuloli guda huɗu a jikin bango, an naɗe su da salatif, kowacce da rubutu a kai. Na matsa. Rubutun Gwaggo ne, na san shi ko a mafarki. Gidan shugaban ma'aikatarsu. Gidan mai gidan da take haya. Gidan wata ƙawarta mai shagon gwal. Ta huɗun, tata ce ita Gwaggo, an rubuta "Nawa." Na ɓalle salatif ɗin ɗaya, tururi ya bugi fuskata. Shinkafa ce sabuwa fil da kaji a jere, ko cokali bai taɓa ba. Mutanen nan ko bikin ba su zo ba, har gida za a bi su da shi.

Ashe abincin ya isa. Tun farko ya isa.

"Auta! Uban me kike yi a nan?"

Gwaggo ce a bakin ƙofa, ɗaurinta ya kusa taɓa saman ƙofar.

"Gwaggo... kin san da wannan?"

Ko kallon bahon ba ta yi ba.

"Rufe min kular nan. Mutanen da a gidajensu sai su yi wata ba su ga kaza ba, yau don an ba su shi ne abin magana? Ita uwar angon naki ba ragowar take kwasowa daga wajen aiki ba?"

Na kalli matar da ta raine ni, na ji ƙyamar da ban ji ba ko a kan bahon. Na kuma ji ƙyamar kaina, don ni na yi shiru tun ranar da ta zagi hannuwan Inna.

"An riga an fita da tiren farko," ɗaya daga cikin matan ta ce a hankali. "Teburin uwar ango."

Ban san lokacin da na cire takalma ba. Na tattare rigar na ruga, mayafin yana ja a ƙasa, Tsiwa na bina tana riƙe mini baya. Na ratsa teburan gaba mutane na juyowa, na wuce har ƙarshen ɗakin inda fanka ma ba ta kaiwa.

Faranti takwas ne a teburin. Bakwai an tura su tsakiya, ba wanda ya taɓa, 'yan'uwan Inna na zaune suna hira. Na takwas yana gabanta. Ta ci kusan rabi.

Tana ɗaga cokali, tana haɗiya da ruwa, fuskarta ba yabo ba fallasa. A gefen farantin ta ware cinyar kaza, ta juya ta. Ga shatin haƙora nan, ga jan bakin wata a jikin fatar.

"Inna!" Na zube a gabanta. "Inna, ajiye... don Allah ajiye!"

Ta sunkuyo ta kama kafaɗata, ta yi ƙasa da murya.

"Tashi, 'yata, ana kallonki. Na sani."

"Kin sani?"

"Shekara goma sha tara ina bayan ƙofar can. Tun ranar da kika ce zagaye biyu na sani. Da asuba na dafa tukunya guda, duk wanda ya zo daga wajenmu sai da na cika masa ciki kafin mu fito. Na ce musu a wurin nan ruwa kawai za su sha."

"To ke me ya sa kike ci?"

"In duk muka ƙi, gobe za a ce dangin ango sun raina abincin gidanku. Ke za a bari da maganar, a gidanku da gidanmu. Gara ni in ci, ba ya kisa." Ta matse kafaɗata. "Abu ɗaya nake roƙonki, kada yaron nan ya ji. Kin san halinsa a kaina. Aurenku ko kwana bai yi ba."

Hawaye suka wanke hodar da aka ɓata awa biyu ana shafa mini. Na kama farantin zan janye, ta riƙe gam.

"Saki, Inna."

"Sai na cinye. Haka na yi niyya."

Na ga ba za ta saki ba. Sai na ɗauki cokali daga teburin, na cika shi da shinkafar nan mai sanyi a ciki da zafi a sama, na kai baki. Maƙogwarona ya ƙi, idona ya kawo ruwa, hoton hannun matar nan a cikin baho ya tsaya mini. Na runtse ido na haɗiye. Na sake cika cokalin.

"Ke! Ke 'yar nan!" Inna ta riƙe hannuna.

"In kin ci na ci, Inna. Tare za mu cinye."

"Me ke faruwa a nan?"

Dogo ne tsaye a kanmu. Ya kalli ƙafata ba takalmi, ya kalli farantai bakwai da ba a taɓa ba, sannan idonsa ya sauka a kan cinyar nan mai jan baki. Ya daɗe yana kallonta. Shi ma ɗan mai wanke-wanke ne, ba ya buƙatar bayani.

"Ba komai, je ka zauna," Inna ta ce da sauri.

"Auta." Bai taɓa kiran sunana da irin wannan muryar ba. "Kin sani?"

Inna ta girgiza mini kai. Da na ce ban san komai ba, da ta tsaya mini, kuma da ya yarda. Amma na gaji da haɗiye abubuwa a ranar nan.

"Bahon ban san da shi ba sai yanzu, na rantse. Amma na san katinku daban ne. Kuma Gwaggo ba hutu ta ba Inna ba... cewa ta yi mai wankin kwano ba za ta dafa abincin bikina ba. Na ji, na yi shiru, na zo na yi maka ƙarya."

Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya cire agogon da na saya masa ya ajiye a teburin a hankali.

"Inna, tashi mu tafi."

Shi kenan, na kashe aurena da bakina.

"Ba inda za ni," Inna ta ce. "Ka ga cokalin da ke hannunta? Ka san me ta haɗiya yanzu saboda ni? Kai da na haifa ma ban taɓa bari ka ci wannan ba. In ka fita daga ɗakin nan, kai kaɗai za ka fita."

Ya kalli cokalin. Ya kalli bakina.

Na miƙe na share fuska.

"Ka ba ni minti goma. Bayan nan in za ka tafi ba zan riƙe ka ba."

Ni da Tsiwa muka koma kicin. Gwaggo ta tare kulolin da jikinta.

"In kika taɓa su, Auta, babu ni babu ke! Ni na raine ki!"

"Kin raine ni, Gwaggo, kuma har in mutu ba zan manta ba. Amma yau matsa min."

Na kama hannun kula ɗaya, ta fi ƙarfina. Ina ta ja tana ƙugi a kan siminti, sai na ji nauyin ya ragu. Abbana ne ya kama ɗaya hannun, da babbar rigarsa da komai.

"Yaya, ya isa haka," ya ce, ko kallonta bai yi ba. A iya sanina wannan ne karo na farko.

Muka fito da su huɗun tsakiyar ɗakin taro, rubutun Gwaggo na jiki kowa na karantawa. Tsiwa ta sa aka kwashe farantan zagaye na biyu, ta tsaya a kan bahon har sai da aka juye shi a shara. Inna ta kalli kulolin sau ɗaya, ta kalli teburan baya, ta ce a raba kowace kaza gida shida, ludayi biyu kowane faranti. Ni na riƙe ludayin, da rigar amarcina da zif a ɓalle. Mutum ɗari biyu da wani abu suka ci, har direbobin da ke waje, kuma rabin kula ta rage.

Ina cikin zubawa na ji an karɓi farantin daga hannuna. Dogo ne, ya naɗe hannun riga, agogon na wuyan hannunsa. Bai yi mini magana ba har muka gama. Sai da muka shiga mota ya buɗe robar ruwa ya miƙo mini.

"Kurkure bakinki," ya ce. Na kurkure. "Kada ki ƙara ɓoye min abin da ya shafi Inna, ko da zai kashe ni."

"Ba zan ƙara ba."

"Wawuya kawai... wa ya ce ki ci?" Muryarsa ta karye. Ya jawo kaina ya ɗora a kafaɗarsa. "Rabin raina."

Gwaggo ta tafi tun kafin a tashi, kuma har yau in na je gaishe ta bango take kallo. Ina zuwa duk da haka, kuma abin yana mini ciwo. Kazar biki kuwa na bar ta har abada, ko ƙamshinta na ji sai zuciyata ta tashi.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Inna ce da kanta, rungume da wata 'yar tsohuwar kula da ta naɗe da salatif har zagaye uku. Na durƙusa na karɓa, ta riƙe hannuwana a cikin nata masu kaushin nan.

"Ke za ki buɗe da kanki, 'yata," ta ce. "Wannan zagaye na farko ne. Ko ni ban ɗanɗana ba."